Kwanan Madawa

Shekarar da idon Baffa ya rufe, likitan da ke duba shi a nan Damagaram ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa, sai an je Yamai. Aka ba mu ranar ganin likitan can, wata Laraba da safe. Baffa ƙanen mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya koya mini dukanci, kuma har yau a rumfarsa nake ɗinka takalma. Saboda haka ba a tsaya shawarar ko zan bi shi ba. Ni ne mai riƙe masa hannu.

Motar ta ɗansa ce, ƙanena, wanda ya yi lakwal, wato boko, yake aikin ofis, biro kamar yadda muke cewa. Ɗan fari ne, Baffa ba ya kiran sunansa, sai ya ce Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Wani lokaci yabo ne, wani lokaci tsiya.

Mushe mutum ne mai tsari. Tun tafiyar tana nesa ya kai motar gareji aka sake mata mai, ya sayi tayar ajiya ta biyu, ya haɗa takardun da jandarma ke tambaya ya sa su a leda. Inna, matar Baffa, ta daka tukuɗi, garin gero da dabino na guzuri, ta soya dambun nama. Wata ranar Jumma'a da la'asar muka zauna a zaure, Mushe ya buɗe taswira a salularsa ya nuna mini, tunda Baffa ba ya gani. Ya ce mu tashi Litinin bayan asuba, mu kwana Ƙonni, domin nan ce kusan tsakiyar hanya. Akwai otel mai tsabta da wani abokin aikinsa ya gaya masa. Talata da rana mu shiga Yamai, Baffa ya huta kafin Laraba.

Baffa ya saurara har ya gama. Sannan ya ce, "A Madawa za mu kwana."

"Baba, Madawa ba ta kai rabi ba. Kashegari sai mu yini a hanya."

"To sai mu yini. Wani ya ce hanyar za ta ƙare ne?"

Ni na san abin da ke Madawa, Mushe ma ya sani. Da ƙuruciyarsa Baffa fatauci ya yi. Yana ɗora jakunkuna da takalma da layu na jar fata a manyan motoci ya yi yamma da su, ya dawo da tabarmi da albasa. A lokacin kowane falke yana da gidan da yake sauka a kowane garin kasuwa. Mai gidan shi ake kira fatoma. Shi zai ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya tsare maka kaya, ya nemo maka masu saye. Gidan Madawa ya sauki kakanmu tun ana zuwa da jakuna, fatoman yanzu kuwa tare suka yi samartaka da Baffa. Amma rabon Baffa da garin tun Mushe yana ƙaramin aji.

Mushe ya ce, "To ba ni nimeronsa in kira in shaida masa."

"Ba ni da shi. Ko ina da shi ba za ka kira ba. Ba a aika wa fatoma."

"Don me?"

"In ka aika, ka tambaye shi ke nan ko ƙofarsa tana buɗe. Kai za ka so a yi maka wannan tambaya?"

"In muka tarar ya rasu fa?"

"Gidan ma ya rasu?"

Mushe ya sake dabara. Ya ce mu bari sai a dawowa, lokacin ido ya buɗe, su ga juna da kyau. Baffa ya girgiza kai. Ya ce a tafiya ake sauka, a dawowa gaisuwa ake yi a wuce. Wanda ya bi ta ƙofar fatomansa ya je ya kwana gaba ya sallame shi ke nan, ko bai faɗa da baki ba. Ya ce shekarun da bai je ba ba laifi ba ne, don bai bi hanyar ba. Yanzu kuwa zai bi ta. Abin da ubansa ya ƙulla ba zai zama shi ne ya kwance ba.

Da muka fito, Mushe ya tsayar da ni a bakin mota.

"Yaya, ka yi masa magana. Tsoho mara ido, mu kai shi gidan da ba mu san ko akwai ba?"

Ban yi masa maganar ba. Na zauna da Baffa fiye da yadda Mushe ya zauna da shi, na san inda magana take ƙarewa. Abin da na ce wa Mushe shi ne mu yi ƙoƙari mu shiga Madawa da la'asar. In an sauke mu, shi ke nan. In ba a sauke mu ba, da sauran rana, sai mu ƙarasa Ƙonni. Ya yarda da haka, amma bai soke maganar otel ɗin ba. Ni ma a raina na fi zaton a Ƙonni za mu kwana. Abin da na kasa tsarawa shi ne me za mu ce wa Baffa a cikin mota in hakan ta faru.

Kashegari Baffa ya sa aka kai shi rumfa. Ya ce ba a shiga gidan fatoma hannu sake, abu na farko da ka kwance a kayanka nasa ne. Ya shafa fatu har ya zaɓi wata jar fatar akuya mai laushi, ya ɗora hannu ya auna mini tsawon ƙafar mutumin da taƙi da yatsu. Ya ce in yi tsohon yanka, mai faɗin baki, ƙasan kuma na ƙirgi, jemammiyar fatar shanu. Ba mai neman irinsa yanzu. Na ɗinka, ya bi ɗinkin da farce, ya ce in sake gefe ɗaya. Na sake.

Ranar Litinin muka tashi kamar yadda aka tsara. Baffa a gaba, ni a baya da guzuri da bidon ruwa. Mun sha shayi a Takieta. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ina son karanta allunan bakin hanya, amma kafin in haɗa baƙi na uku mun wuce. Baffa shi kuma yana kiran garuruwa da ka. Lissafinsa na babbar mota ne mai kaya, saboda haka kullum yana baya da gari guda. Da ya ce yanzu za mu shiga Tasawa, Mushe ya ce mun bar ta tuni.

"Gudun me kake yi? Bashi ka ci?"

"Baba, ko rabin ƙarfinta ban taka ba."

Baffa ba ya jure dogon zama, mun yi ta tsayawa. Mun ci abinci a Maraɗi, mun yi azahar a Gidan Rumji, muka shiga Madawa ana kiran la'asar.

Kwatancen Baffa ya ƙi aiki. Ya ce bayan kasuwa akwai babbar tsamiya, a bi hagunta, gida mai zaure biyu kusa da rijiya. Ba tsamiya, ba rijiya, sai kantuna da masu cajin salula. Muka zagaya har Mushe ya fara duban agogo. A ƙarshe na sauka na tambayi wani dattijo mai sayar da tabarmi a gefen masallaci. Ban ce masa suna ba tukuna, na ce gidan da fataken Damagaram ke sauka. Ya dube ni, ya dubi motar, ya nuna mini lungu.

Zaure ɗaya ya rage, ɗayan an mai da shi shago. A ciki wani tsoho yana zaune a kan buzu, siriri ƙwarai, hularsa ta yi masa yawa. Na riƙo Baffa muka yi sallama. Tsohon ya amsa da kyau, ya miƙa hannu. Baffa ya riƙe hannun ya faɗi sunansa da na ubansa. Tsohon ya ce, "Madalla, madalla," yana duban ƙofa.

Wani mutum sa'ana ya fito daga cikin gida, ɗan tsohon ne, mai sana'ar albasa. Muka gaisa. Baffa ya sake faɗin ko shi wane ne. Mutumin ya ce da harshensu na yamma, "Alhaji, ka yi haƙuri. Tsoho ba shi gane kowa yanzu. Ko ni wata rana sai ya tambaye ni ɗan wa."

Ya sa aka kawo mana ruwa. Mutum ne mai ladabi, amma ya gane abin da ya kawo mu, kuma bai ɓoye mana ba. Ya ce an daɗe da barin saukar fatake, ɗakin baƙin ma albasa ce a ciki har rufi. Ya ce akwai otel a bakin hanya, in muna so ya raka mu. Mushe ya dube ni. Rana tana nan, Ƙonni ba ta yi nisa ba.

Baffa ya ce da ni, "Miƙo kayan."

Na kwance takalman daga ƙyalle na sa masa a hannu, shi kuma ya lalubi hannun tsohon ya ɗora masa. Tsohon bai yi godiya ba. Ya ɗaga ɗaya ya shinshina. Ya lanƙwasa ƙasan ya sake, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya juya ya duba ciki.

"Wanga aikin Damagaram na," in ji shi. "Nawa ka kawo irinai?"

Baffa ya ce, "Wannan naka ne. Saura suna baya."

"Kada ka kwance ma kowa sai na gani. Mutanen ga ƴan cuta na." Ya juya wajen ɗansa, muryarsa ta fito sosai. "Kai, mi kake tsaye? Baƙi sun iso. A share ɗakin gabas. A shigo da kayansu, kada a bar komi waje. Ka ce ma mata su ƙara tuwo."

Ɗan ya tsaya yana duban ubansa. Ban san abin da ya auna a ransa ba, kuma ban tambaye shi ba daga baya. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya ce da ni, "Malam, ko za ka kama mini?"

Mu uku muka kwashe albasar, har da Mushe da wandon biro. Muka jera buhunan a rumfar tsakar gida, mata suka share ɗakin suka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Muna wannan aiki, tsofaffin biyu suna zaure. Na riƙa jin su in na wuce. Fatoma yana tambayar hanya, ko ruwa ya yanke ta a wani wuri, ko direban wane har yanzu yana shan taba. Baffa yana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya ya baro su. Takalman sun yi wa tsohon yawa, ƙafar ta rame, amma bai cire ba har aka yi magariba.

Ɗakin gabas albasa yake wari, tabarma da bango da bargo. Mushe ya ce idonsa yana yaji. Baffa ya ce shi nasa ba abin da zai ƙara yi musu.

Da safe muka fito yin sallama. Tsohon yana kan buzunsa, takalman suna gefensa. Ya amsa gaisuwa, sannan ya jawo rigar ɗansa ya tambaye shi su wane ne waɗannan. Ɗan ya ce baƙi ne daga Damagaram. Tsohon ya ce madalla, a ba su ruwa. Aka sa mana ƙaramin buhun albasa a bayan mota.

Da muka wuce Galmi sai Mushe ya yi magana.

"Baba, bai fa gane ka ba."

"Ya sauke mu ko bai sauke mu ba?"

"Ya sauke mu."

"To duba hanyarka."

Mun yini a hanya kamar yadda Mushe ya faɗa tun farko. Muka shiga Yamai a gajiye, ƙafafun Baffa sun kumbura, amma Laraba da safe muna gaban likita. Da aka yi aikin, ido ɗaya aka samu, na dama. Ɗayan aka ce a haƙura.

A dawowa mun kwana Ƙonni, muka tsaya Madawa da hantsi, ba mu kashe mota da daɗewa ba. Baffa ya shiga zauren da ƙafarsa, ba mai riƙe shi. Ya tsuguna gaban tsohon ya daɗe yana kallonsa da idon nan guda. Tsohon ya ce madalla. Ni kuma ɗan ya ja ni ciki in gaida mata. Buhunan albasa suna nan a rumfar tsakar gida inda muka jera su, an lulluɓe su da tamfol. Ɗakin gabas a buɗe yake, tabarmin suna naɗe a jikin bango.

A mota na gaya wa Baffa ba a mai da albasar ɗakin ba. Ya ce ya gani. Can da muka hau kwalta ya ce, "Mutumin nan ya tsufa ƙwarai." Sannan ya tambayi Mushe ko za mu kai Maraɗi kafin azahar.