Tukubar Kaka

Har yau idan aka narka man kaɗanya a wuta, warinsa ya daki hancina, sai raina ya ɓaci. Jikokina suna zaton warin ne ba na so. Ba su san abin da yake tuna mini ba.

A Kumbiya-Kumbiya na tashi, a gidan kakata ta wajen uba. An ce bayan mulkin kai da kaɗan aka haife ni, kuma tun da aka yaye ni aka miƙa mata. Na buɗe ido na tarar da ita da sanyin ƙashi. Yatsunta sun karkace waje guda, gaɓoɓin sun yi ƙullutu, da safe sai na shafa musu man kaɗanya mai ɗumi na murza kafin su yarda su lanƙwashe. Da bazara, lokacin da kowa yake kuka da zafin Gombe, ita lokacin take samun kanta. Ta zauna da mazarinta tana kaɗin auduga har la'asar, tana yi mini faɗa a kan shara. Amma da hadari ya fara haɗuwa, tun sama tana fes, gwiwoyinta da wuyan hannunta za su kumbura su ɗauki zafi. Kwana ɗaya, wani lokaci biyu, sai ruwa.

Abin da yake riƙe da ita a damina tukuba ce, gadon ƙasa da kakanmu ya gina mata a ɗakinta na azara. Akwai rami a ƙarƙashi inda nake zuba garwashi, ƙasar ta sha ɗumi ta riƙe shi. Idan ta kwanta a kai, ciwon ba ya tafiya, amma yana sassautawa har ta iya riƙe carbi ta kai loma bakinta da kanta.

To, ku ji abin da mutanen gidanmu suka mai da ciwon nan. Bappa, wan mahaifina, shi ne ɗanta na fari, kuma shi ne mai gidan. Kun san alkunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ko gaisuwa ya yi daga bakin ƙofa sai ta amsa tana kallon bango. Duk maganar da ke tsakaninsu ni nake kai ta. Kowace safiyar damina zai kira ni ya ce in je in dubo jikin tsohuwa. Na daɗe ina zaton tausayi ne. Ashe so yake ya san ko za a shanya gyaɗa, ko a fitar da kaya tasha. In na ce hannu ya kumbura, sai ya ce madalla, a kwashe shanya. Madalla fa! Ni ma da gudu nake kai labarin, ina jin daɗi ana cewa yarinyar nan akwai lura. Wannan ɓangaren ban yafe wa kaina ba.

Shekarun da aka canja kuɗi zuwa naira, Bappa ya samu kwangila. Kuɗi suka shigo gari kamar an ɓalle musu ƙofa, kowa yana rushe ginin ƙasa yana sa bulo da kwano. Ya gyara sashensa, ya gyara zaure, sannan ya ce ba zai yiwu baƙi su shigo su ga uwarsa a kan ƙasa kamar wadda ba ta haifa ba. Za a yi mata ɗakin siminti, a sa gadon ƙarfe mai rumfa.

Kaka ta aike ni in ce masa ta gode, Allah ya yi albarka, amma a bar mata tukubarta. Na je na faɗa. Ya yi dariya ya ce tsofaffi haka suke, in ta hau katifa za ta manta. Ta sake aike na, ya ce in daina sa baki a maganar manya. Ni da yake yarda da bakina kullum a kan ruwa, ran nan na zama yarinya.

Birkilan da ya ɗauko daga Bolari wani Ibo ne mai furfura. Da ya shiga ya ga ramin garwashin, ya dubi hannun Kaka, sai ya ajiye gudumarsa. Ya ce wa Bappa da gurguwar Hausarsa, tasa uwar ma haka take a can garinsu, siminti sanyi gare shi, a bar gadon a zagaye shi da gini. Baƙo ma ya gane abin da ɗanta bai gane ba. Bappa ya ji kunya a gaban leburori, ya tako har bakin ƙofa ya ce, "Inna, a rushe ko a bari?"

Ina tsaye ina kallon bakinta. Ta juyar da fuska bango, ta ja mayafi, ba ta ce komai ba. Yaya za ta yi musu da ɗan fari a gaban maza? Shi kuwa ya san ma'anar shirun nan sarai, a gidan aka haife shi. Ya juya ya ce ta yarda.

Ɗakin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mata suna shigowa kallo suna shafa bango. Sai damina ta sauka. Daɓen ya riƙa tsattsafo da danshi, kwano ya ɗauki sanyi ya sako mata, ƙarfen gadon ko taɓa shi ba ta iya yi. Na kawo kasko da garwashi, aka ce zai ɓata fenti. Kafin marka ta wuce yatsunta sun dunƙule. Mazarin ya koma cikin ƙwarya. Ni nake ba ta abinci a baki, tana ci tana kau da kai.

Wata safiya Bappa zai zuba kankare a wani gini, ya aike ni in dubo jikinta. Ta ce in kira shi. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kuma ran nan ne kaɗai na ga ta dube shi.

Ta ce, "Da ina gane ruwa ne don akwai ranar da ba na ciwo. Yanzu kullum hadari ne. Ka dubi sama kamar kowa."

Ya tashi ya fita. Na yi zaton zai sa a mai da mata tukuba. Bai yi ba, wai me mutane za su ce. Damina biyu ta ƙara a ɗakin nan.

Yanzu ga nawa hannun, ya bi nata sak. Likita ya ce mini ba sanyi ne yake kawo ciwon ba, a jini yake, sai dai wasu sun fi jin sa in gari ya yi danshi. Na ce to, ina cikin wasun. Yara kuma a waya suke duba ruwa, ba mai tambayar gwiwata, kuma na gode Allah.

Bara ɗana na fari ya zo da mai aunawa, wai za a shimfiɗa mini tayil a daɓe, a sa na'urar sanyaya ɗaki. Ban aiki kowa ba. Na kira sunansa a gaban matarsa da mai awon, na dubi tsakiyar idonsa na ce ba na so. Unguwa ta ɗauka wai tsohuwar nan ba ta da kunya. Su faɗa. Na ga inda kunya ta kwantar da Kaka, kuma ni na wanke hannuwan nan nata ranar da ta rasu, na kasa miƙe su.