Lasifikar Katako ta Kawu

Wataƙila shekaru sun gauraya mini wasu abubuwa, amma jiya na ga tsohuwar lasifikar katako a kasuwar Kurmi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ya riƙe ni a unguwar Koki har na gama jami'a. Yana da irinta, kuma ba ya jin labarai sai tafinsa na kanta.

Ana gobe soja za su miƙa mulki na kawo masa sabuwa ta roba, ina gudun kada ya ƙi ta. Ya jona ta da rediyo, ya dafa ta, ya saurara.

"Malam ƙarami, taka ba ta da ƙirji," in ji shi, "amma ta fi tawa fitar da magana."

Washegari ya jera su biyun a zaure. Tsohuwar na girgiza tabarma, sabuwar na kai rantsuwar sabon shugaba har bakin lungu. Duk maƙwabcin da ya shigo, sai Kawu ya nuna sabuwar ya ce, "Ɗana ne ya sayo."

Allah ya haskaka kabarinsa. Wanda ya zauna a zauren ranar, in na yi kuskure, don Allah ya gyara mini.