Kunun Da Bai Yi Laifi Ba

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ina 'yar shekara tara, a gidan kakata Ladidi, mahaifiyar Umma, a Gyaɗi-Gyaɗi. Maza na ƙofar gida suna gardama, kowa na cewa yanzu talaka zai sha iska. Mu yara siyasarmu ɗaya ce: wa zai samu wuri kusa da murhun Kaka bayan magariba.

A shekarar aka kawo ƙanena Sadiƙu yaye. Kaka ta yi suna a wannan fanni, har daga Babban Giji ake kawo mata yara. Sirrinta kunun aya ne. Ta jiƙa aya, ta haɗa da dabino da kwakwa a niƙo, ta tace da farin ƙyalle. Sukari ba ya shiga, kala ba ta shiga, ruwan kuma sai ta tafasa shi ya huce. Muna tsince tsakuwa daga ayar gobe, tana ba mu tatsuniya, Sadiƙu a cinyarta.

"Ga ta nan, mai gyangyaɗi shi ya so," in ji ta. Sai ta kai kofi bakin Sadiƙu. "Sha mana, angona, kar ka ba ni kunya a gari."

Rannan labarin barewa ta kawo mana. Barewa za ta kiwo, ta bar ɗanta a hannun yayarsa. Ta ce in ya ji ƙishirwa a kai shi tsohuwar ƙorama, kada a kai shi jan tafkin nan mai ƙyalli. Rana ta take, ɗan barewa ya hau kuka, ƙorama da nisa, tafki kuwa ga shi a gabansu. A nan Sadiƙu ya yi barci, Kaka ta ce, "Gobe ma rana ce."

Washegari ta tafi ta'aziyya Tarauni, ta bar ni da shi. Kunun ya ƙare, ya yi ta kuka. Sai ga 'yar maƙwabta da tallan ruwan nan ja jawur da ake ƙullawa a leda, ta miƙo mini ɗaya. Na daɗe ina haɗiyar yawu a kansa. Na fasa ledar na ba Sadiƙu, ya shanye, ya yi dariyar da bai taɓa yi ba tun da aka raba shi da nono. Wallahi daɗi na ji.

Kafin la'asar amai da gudawa suka kama shi. Da Kaka ta dawo ta buɗe bakinsa don ta ba shi ruwan gishiri da sukari, sai ta ga harshen ja. Ta dube ni sau ɗaya. Kwana biyu ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Umma na kuka ta ce, "Inna, me ya sha?"

Kaka ta ce, "Kununa ne ya kwana, ban lura ba. Tsufa ne."

Daga ranar ba wanda ya sake kawo mata yaye. Ta naɗe farin ƙyallenta, tatsuniya ma ta mutu a gidan. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, me ya sami ɗan barewa?"

"Na manta, 'yar nan. Je ki kwanta."

Na girma ina zaton darasin a kan ruwa yake. Yanzu ni ma ina yi wa 'ya'yana kunun aya, ina tafasa ruwan har sau biyu, su ture su ce na kanti suke so. Sai bayan rasuwar Kaka na gane ba mantawa ta yi ba. Ba ta so in ji abin da ya sami yayar ɗan barewan ne. Ta ɗauki laifina ta ɗora wa abin da ta fi alfahari da shi, ta tafi da shi kabari.

Har yau in an ambace ta, Umma takan ce, "Allah ya yafe wa Inna." Ni kuma in ce amin.