Rigimar Dunna da Kwikwiyo a Garkar Tama

Har gobe ban manta da ranar da aka kira ni rabon faɗan karnuka ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna ganin duk abin da zai same ku an riga an koya muku shi a lakwal, kuna ɗalibai. Ni ma haka na ɗauka.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a serbis ɗin elebaji na Buza, wato ma'aikatar kula da dabbobi. Aikinmu shanu ne da awaki da tumaki da raƙuma: rigakafi, duba nama a mahauta, zagayen kasuwanni. Kare ba ya shigowa hannunmu sai in ya ciji mutum. Nan ma doka a fili take. Ba a kashe shi nan take, ɗaure shi ake yi a sa masa ido kamar mako biyu. In haukan kare ne zai nuna kansa kafin nan. In kuwa ya ci gaba da ci da sha lafiya, wanda aka ciza ya huta da fargaba.

Wata safiya, lokacin da albasa ta fara kai, wani magidanci mai suna Sahabi ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofar biro, ofishinmu ke nan. Daga Tama yake. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Mushe," haka suke kiran ma'aikaci, "karenmu ya haukace, ya ciji baba. Ku taho ku kashe shi."

Na hau bayansa muka gangara fadama. Mahaifinsa, Malam Ada, yana zaune bakin rijiyar garka, wato lambunsu, hannunsa ɗaure da tsumma. Na kwance, na wanke masa ciwon da ruwa da sabulu sosai, na ce lallai a kai shi likita a ranar. Sannan na waiwayi mahaukacin karen. Wani baƙin kare ne tsoho, bakinsa ya yi furfura, Dunna suke ce masa. Yana kwance ƙarƙashin mangwaro, sun riga sun sa masa igiya. Na tura masa ruwa a kwano, ya shanye, ya dube ni, ya mai da kai ƙasa. Ba dalala, ba jan ido, ba cizon iska.

Malam Ada ya ce, "Wanga kare lahiyatai lau. Ni nis sa hannu tsakaninsu."

"Tsakaninsu da wa?"

Sai ga wani ɗan jan kwikwiyo ya fito daga bayan wata jarkar ruwa, kunnensa a tsage. Sahabi ne ya kawo shi daga Madawa, don a ganinsa Dunna ya tsufa, awaki suna shiga garka yana barci. Kwikwiyon yana matsowa, tsohon karen nan da ko tashi bai yi mini ba ya zabura, gashin bayansa ya miƙe, igiya ta kusa tsinkewa. Sahabi ya ce, "Ka gani ko? In ba hauka ba, mi ne ne wanga?"

Na koma gefe. Na buga wa shef, shugaban serbis ɗinmu, waya na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Kai ma'aikacin dabbobi ne ko alƙalin karnuka? Ka sa a bar shi a ɗaure, ka riƙa zuwa kana dubawa. Sauran ba na serbis ba ne." Amma sauran shi ne matsalar, domin Sahabi ya rantse in wa'adi ya cika Dunna bai daina ba, da tabarya zai gama da shi. Tsoho kuwa ya ce sai dai a fara da shi. Uba da ɗa suka daina cin abinci a inuwa ɗaya.

Na fara lalube. Da farko na ce ko yunwa ce, don na tarar kwano ɗaya ake zuba musu. Na sa aka raba, a fara ba Dunna, a ba ƙaramin can nesa. Abin ya lafa, na ce na gano. Da na dawo aka ce sun sake kacamewa, babu ko ƙwayar tuwo a wurin. Na ce to wurin kwanciya ne, aka yi wa kwikwiyo darnin kara a ɗaya gefen, suna jin warin juna amma ba sa haɗuwa. Sai Dunna ya daina cin abinci. Rashin ci kuwa yana cikin alamun da muke tsoro. Na kwana biyu ina tunanin ko na sa tsoho cikin haɗari. Ashe Sahabi ne ya shiga dukansa duk lokacin da ya yi gurnani. Na hana dukan, ya koma ci.

Wata rana na ɗaure masa baki na lalube jikinsa, abin da ban taɓa yi wa kare ba. Da na danna ƙugunsa ya yi ƙara. Tsufa ya cinye gaɓoɓin, shi kuwa kwikwiyo wasansa shi ne ya haye bayan manya. Na ce yauwa, ciwo ne. Na ba shi magani. Amma kuma na lura da wani abu da ya sake dagula mini lissafi: in Malam Ada ba ya garka, kwikwiyo yakan wuce ta gaban hancin Dunna bai ko ɗaga kai ba. Tsoho na shigowa, rigima ta tashi. To ciwo ne, ko abinci, ko kishin maigida? Na rubuta rapor na yage, na sake rubutawa na yage. A ƙarshe abin da na aika wa shef shi ne: kare ba shi da hauka.

Abu na ƙarshe da na gwada, na sa uban ya riƙe igiyar Dunna, ɗan ya riƙe ta kwikwiyo, su riƙa bin hanyar gulbi da hantsi, inda ba gidan kowa ba ne, da tazara a tsakaninsu. Mutanen Tama suka yi ta dariya, wai ga malamin dabbobi ya sa dattijo kiwon kare. Tun suna tafiya shiru har na fara hango su suna magana, ban san a kan me ba.

Ranar da na je sallamar Dunna daga ɗauri, ana kwance shi kwikwiyo ya rugo. Sahabi ya kai hannu ga sanda, na riƙe shi. Dunna ya buɗe haƙora ya yi wani gurnani mai zurfi. Kwikwiyo ya ci birki, ya kwanta ya baje ciki sama. Tsohon karen ya sansana shi, ya wuce inuwarsa. Shi ke nan. Ba su zama abokai ba. Dunna ya riƙe rijiya da mangwaro, ƙaramin ya riƙe ƙofar garka, kuma ba a sake zubar da jini ba.

Na tambayi Malam Ada me ya sa ya tsaya wa karen haka. Ya ɓata rai. "Wa yac ce ina son shi? Kare ne fa." Yana faɗa yana ɓallo rabin dawon furarsa yana jefa masa.

In kuka tambaye ni wace dabara ce ta yi aiki, wallahi ban sani ba. Abin da na sani, da na bi maganar wanda ya fi ɗaga murya, da an kashe lafiyayyen kare. Ku riƙa tsayawa kuna kallo kafin ku yanke. Mutanenmu ba sa faɗa muku abin da dabba take a wurinsu, sai dai ku duba hannunsu ku gani.