Ranar da Motar Kawu Ta Yi wa Kanta Lodin Dawa

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, na tabbata zai bar mini ranar da na fara zuwa gaida mahaifin matata. Har yau in ta faɗo mini sai in kama dariya ni kaɗai.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin kaka. Ni ɗan Bebeji ne, yarinyar da nake so kuwa 'yar wata ruga ce a gefen duwatsun Doguwa, a kasuwar Tudun Wada muka haɗu tana tallan nono. Mahaifinta dattijon Bafulatani ne, ga kiwo ga noma. Ya aiko cewa ba zai ba da izinin a turo magabata ba sai ya gan ni da idonsa. In na yi masa, to. In ban yi masa ba, ɗan ƙaninsa yana nan yana jira. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya bugi ƙirji ya ce shi zai kai ni a motarsa.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce mai buɗaɗɗen baya, Kawu yana ji da ita fiye da yadda yake ji da mu. Da safe ya wanke ta tas, ya shiga ya ja birkin hannu, sai sandar ta tafi sama fiu, ba ƙara, ba tirjiya. Na ce mu biya gareji. Ya harare ni, don Kawu bai yarda an haifi bakaniken da ya fi shi ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ni kuma ina tsaye da farar shaddata ina miƙa masa sifana da yatsu biyu.

Ya fara cire tayar baya, ya leƙa lainin birki ya ce da sauransa. Ya shafa ko mai ya zubo masa, babu. Daga nan ya bi wayar da ta taho daga sandar zuwa tayoyin baya, ya tarar ta yi sako-sako. “Ga ɓarauniyar nan!” in ji shi. Ya kama notin ya yi ta ɗaurewa yana nishi, sannan ya ce, “Ja mu ji!” Na ja, ta yi ƙar-ƙar-ƙar ta tsaya. “Sauko ka tura!” Na tura iya ƙarfina, ko gezau. Muka tafa. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne ƙofar gidan Kawu a shimfiɗe take, ga yashi. Ko babu birki sam, motar nan ba za ta turu ba.

A hanya ni dai ba a hayyacina nake ba. Duk wanda muka wuce sai na ɗaga masa hannu, har da shanu. Kawu kuwa yana ta yi mini huɗuba: in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna a gefen tabarma, kada in ɗaga ido, kada in buɗe baki sai an tambaye ni. “Mutanen nan kunya suke dubawa, ba shadda ba,” ya ce.

Rugar a jikin gangare take. Kawu ya wuce gidan ya haura sama kaɗan don kowa ya ga motar, ya tsaya, ya ja birkinsa da yanga. Na ce, “Kawu, ku bar ta a giya mana.” Ya ce giya ta marasa birki ce. Na sunkuya zan ɗauko dutse in kara wa taya, ya buge mini hannu. “A gaban surukai? So kake su ce motar kwasar yashi muka zo da ita?”

Dattijon ya tarbe mu a gindin wata ɗorawa. Suka zauna shi da Kawu, dukansu sun ba motar baya, ni na tsuguna ina fuskantarsu, kaina a ƙasa. Aka fara gaisuwa. Wanda bai taɓa jin gaisuwar dattijon ruga ba bai san gaisuwa ba. Ina gajiya, ina gida, ina yara, ina ruwa, ina mutanen Bebeji, a ɗan yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko.

Ta ƙarƙashin girata na ga tayar baya ta motsa. Na ce ko idona ne. Ta sake juyawa, a hankali, babu ko ƙara. Motar Kawu ta fara sulalowa da baya, ta nufi rumbun dattijon da aka cika da dawa kwanan nan.

Na yi gyaran murya. Babu wanda ya kula. Na yi tari. Kawu ya miƙo hannu a fakaice ya mintsine ni a cinya, bakinsa bai daina “lafiya lau” ba. Na ce ƙasa-ƙasa, “Kawu.” Ya ce ta gefen baki, “Manya na magana.” Gumi ya wanke ni. In na yi ihu na zama marar kunya, in na yi shiru ga rumbu. Kuma wallahi, saboda tsabar ruɗewa, dariya ce ta taso mini, na danne ta har cikina yana rawa. Mota ta wuce turken maruƙa, kaji suka watse, dattijo yana cewa, “Ina kuma ƙura?”

Sai ji muka yi gim! Rumbu ya karkace, cikinsa ya tsage, zangarniyar dawa ta dinga kwarara cikin bayan motar har ta yi tozo. Jinkar rumbun ta zamo ta kife a kan motar kamar an sa mata malafa. Mata suka fito da salati. Ta ɓular zana na hango wadda na zo dominta ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na girgiza. Ni kuwa na ce a raina aure ya tafi.

Kawu ya ruga ba takalmi, ya shige ƙarƙashin motar ya fito da wayar birki a hannu. Ashe ta daɗe tana tsitsinkewa a cikin robarta, saura 'yan zare, shi ya sa ta saki. Ɗaurin da ya yi mata da safe shi ya ƙarasa su. Kawu ya tsaya yana ta jujjuya wayar a hannu.

Dattijon ya zagaya rumbunsa, sannan ya dawo ya tsaya a kaina, don har lokacin ina tsugune.

“Samari, kai da kake fuskantarta, ba ka gan ta ba?”

“Na gan ta, Baffa.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ta taso.”

“Me ya hana ka magana?”

“Ba ku gama gaisawa ba, Baffa.”

Ya dube ni, ya dubi motar da malafarta. Gemunsa ya fara rawa. Sai ya fashe da dariya har ya dafa ɗorawa, hawaye na zuba. Tawa da na daɗe ina dannewa ta ƙwace, na kifa kai a gwiwa na yi ta yi.

Da ya nutsu ya share ido ya ce, “Ka faɗa wa magabatanka su zo. Amma kai za ka riga su, don kai za ka kwaɓa ƙasar gyaran rumbun nan.” Sannan fuskarsa ta sauya, ya rage murya. “Rumbu ana sake shi. 'Yata zan ba ka. Duk ranar da ka ga wani abu ya nufo ta, kada ka jira kowa ya gama gaisuwa, ko da ni ne.”

Maganar nan ta shige ni fiye da duk huɗubar da aka taɓa yi mini. Daga ranar na gane cewa ladabin da zai sa ka zuba ido ɓarna ta auku ba shi da amfani ga kowa. In ka ga abu ya taho, buɗe baki ka faɗa ko a gaban wa kake, in ya so ka ba da haƙuri daga baya.