Ciwon da Hadiza Ke Yi da Damina

Har na yi ritaya ban manta da ranar da mahaifiyar Ɗanjuma ta kawo masa abinci da kanta ba. Daminar 1978 ce, ina ƙaramar nas a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Jos. A lokacin mu ƙanana mu ke ba da magani, mu lura da cin marasa lafiya da barcinsu, mu kai wa Sista, babbar nas ɗinmu, rahoto, ita kuma ta gabatar wa likita ranar zagaye.

Ɗanjuma tela ne a unguwar Gangare. Ciwonsa irin wanda ke ɗaga mutum sama ne, daga baya ya kwantar da shi. Nasa da bazara yake tashi. Barci ya ƙaurace masa, surutu ba tsayawa, ya riƙa rabar da yadin mutane a titi, har sai maza sun riƙo shi sun kawo mana. A shekarar tun Afrilu yake kwance.

Ƙanwarsa Hadiza ce ke kawo abincin. Ta shigo da dariya, ta gaida kowa, ta ba mu labarin ƙosan da ta soya da wankin da ta gama, da rumfar abincin da za ta buɗe a tasha. Mu kuwa sai yabonta muke. Da ruwa ya zauna sosai a Agusta, sai muka daina ganinta.

Ranar da mahaifiyar tasu ta zo da abincin, na karɓi kwanon na ce, "Iya, ina Hadiza?"

"Tana ɗaki, 'yata. Ita damina ba ta karɓarta. Duk shekara haka take, ta kwanta ta juya wa mutane baya. Bana mijin ya ce ya gaji da lalaci, ya maido min ita da goyonta."

"Tana cin abinci?"

"Sai an matsa. Jiya ma cewa ta yi da ba ta duniya da kowa ya huta."

Na faɗa wa Sista, ta kai ni gaban likita. Ya tambaye ni yadda Hadiza take da bazara, na ba shi labari. Ya ce yana zaton ciwonta ɗaya da na yayanta, amma sai ya gan ta.

"A wasu mutane ciwon nan lokaci yake bi," in ji shi. "Abin da nake gani a nan, maza an fi kawo su idan ya tashi, don suna ta da hankalin unguwa. Mata kuwa sau da yawa baƙin cikin ne ya fi kama su, shi kuma ba a jin ƙararsa. Ba kowa ba, amma ku riƙa tambaya."

Ba mu kwantar da matar aure sai da sanin mijinta, don haka Sista ta haɗa ni da Iya muka tafi Gangare. Na sami Hadiza ta rame, fuskarta a bango. Ta ce, "Nas, lafiyata ƙalau. Ni ce dai ba ni da amfani."

Aka kira mijin, Malam Isa, direban babbar mota. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Malama, mai ciwo ai na san shi, ga Ɗanjuma nan. Wannan ko zagi ba ta yi."

Na ce, "Da bazara tana barci?"

Ya ce, "Ba ta yi. Na ɗauka himma ce."

Shi ya nemo tasi.

Hadiza ta yi makonni a wurinmu, Iya na kawo mata jaririn ta shayar har likita ya sauya magani. Da aka sallame ta ita da Ɗanjuma, likita ya tsara su riƙa zuwa tun kafin lokacin kowa ya yi: Ɗanjuma da ƙarshen sanyi, ita kuma sau biyu, kafin zafi da kafin ruwa ya zauna. Malam Isa ke kawo ta daga gidansa. Da damina ta zagayo jikinta ya yi sanyi, amma tana ci, tana fita tsakar gida.

Ku da kuke aikin yanzu, wanda aka riƙo yana ihu ba zai ɓace muku ba. Ni dai tun daga lokacin, idan irinsa ya samu natsuwa, nakan ja danginsa gefe in tambaye su ko akwai wanda ya yi shiru a gida.