Ranar da Goggo Ta Ƙwace Makulli

Goggo ta shekara goma sha bakwai a shagon kayan mota da mijinta ya rasu ya bar mata. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ta san man birki kamar yunwar cikinta. Abin da ke ƙona mata rai shi ne direbobi ba sa son a faɗa musu. Sai mutum ya nuna gora da baki ya ce, "Ba ni waccan." Ita kuwa ta ce, "Je ka karanto lambar da ke murfin tankin birkinka tukuna." Wasu su karanto, wasu su ja tsaki su wuce shagon gaba.

Ƙaninta Auta na cikin masu wucewa. Sati biyu da samun aikin jigilar 'yan makaranta, ya tsaya ƙofar shagon da yamma yana washe baki.

"Yaya, na ƙara wa motar man birki lamba biyar. Naki huɗun ai na talakawa ne."

"Me murfin ya ce?"

"Huɗu. To biyar ba ta fi huɗu ba?"

"Auta, takalmi lamba biyar zai shiga ƙafar kowa? Waɗannan biyun ba sa haɗuwa, kamar ruwa da mai suke. Taka birkin in gani."

Ya taka, ƙafarsa ta nutse kamar ya taka katifa.

"Zai warware da safe," in ji shi.

"Da yara ashirin a bayanka, a gangaren gada?"

Ta zura hannu ta taga ta zare makullin, ta ɗaure a bakin zani.

"Yaya, in ban fito gobe ba wani za su ba!"

"Su ba shi."

Ya yi magiya, ya kumbura, ya ce dama tun yana rarrafe take raina shi. Ko kallo bai ishe ta ba. Sai washegari da hantsi bakanike ya zo ya tsiyaye man duka, ya wanke bututun, ya canza robobin birkin. Kafin ya gama, makarantar ta ɗauki wani direba.

Wata biyu Auta bai gaishe ta ba. Ranar da ya dawo ma, cewa ya yi bakaniken ne mai nawa, shi ya ja masa asarar aikin.